Agogon da Na Sayo wa Zuleha a Bawku

Tun kafin in yi nisa bari in gaya muku, a wannan kashin abu zai lalace. Kada ku zargi Nasrullah, kada ku zargi Zuleha. Ni ne. Da ƙafata na je har Bawku na sayo abin, na dawo ina washe baki kamar wanda ya ci zaɓe.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Abdulai. Doya nake sayarwa a Salaga, kakannina fataken goro ne, gidanmu yana bayan tsohon masallacin unguwa. Zuleha 'yata ce ta uku, shekararta ashirin da biyu, tana koyar da yara a firamare. Kuma tana gudu. Ba gudun tsoron kare nake nufi ba, gudun fili, mita dubu biyar, wanda ake busa usur a ba da kofi. Kofuna huɗu ne a kan kabad ɗin falona, ni nake goge su da kaina ranar Juma'a. Da baƙin wando har idon sawu take gudu, da riga mai dogon hannu, da wani ɗan hijabi da uwarta Sahadatu ta ɗinka mata mai kama kai, don kada iska ta riƙa ja mata shi. Idan ta wuce ta gaban rumfata da asuba, masu dakon doya sukan tsaya su bi ta da kallo. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai ina gyara tulin doya kamar ban gani ba, alhali kaina ya kumbura ya kusa fin hulata.

Bara a Yendi ta ci gudu, ta taka layin ƙarshe, ta yanke jiki ta faɗi. Ina wurin. Likita a Tamale ya auna ta ciki da waje bai ga komai ba, ya ce zafin rana ne da matsa wa kai. Ya ce ta ci gaba da gudu, amma a riƙa lura da bugun zuciyarta. Ya rubuta min lamba a takarda, ɗari da casa'in. Ya ce idan bugun ya haura nan ya zauna, ko ya riƙa tsalle ba dalili, a tsaya a dawo wurinsa. Takardar tana cikin aljihun gaban rigata, ta yi laushi saboda buɗewa.

A ranar faɗuwar nan muka san Nasrullah. Malamin wasanni ne a wata sakandare a Yendi, iyayensa suna Bawku. Shi ya kira mata suka ɗaga ta, shi ya samo mota. Tun daga nan gaisuwa ba ta yanke ba, har ta zama irin gaisuwar da kowane uba ya san inda ta nufa. Ya faɗa wa uwarta nufinsa. Amma manyansa ba su kawo goro ba tukuna, don haka a wurina har yanzu baƙo ne mai ladabi.

To, saura mako uku a yi gasa a Tamale, inda za a zaɓi waɗanda za su je Akra. Zuleha ta sa rai ƙwarai. Ni na ce ba ta zuwa ko'ina sai an sami abin auna bugun nan.

Wata ranar Lahadi bayan la'asar muna tsakar gida, Sahadatu tana tsince shinkafa, Zuleha ta miƙo min wayarta.

"Baba, ga abin da Malam Nasrullah ya ce."

Na sa tabarau na karanta. "Iri biyu ne. Akwai agogon hannu, akwai bel da ake ɗaurawa a ƙirji a ƙarƙashin riga. Ga mai gudu irin naki bel ɗin ya fi faɗin gaskiya. Idan Baba ya yarda zan samo miki, in haɗa shi da wayata in riƙa duba miki lissafin."

Na cire tabarau. Na mayar. Na sake karantawa.

"A ina ake ɗaurawa?"

"Baba, ai ka karanta."

"Na karanta, so nake in ji daga bakinki."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin gyalenta. Sahadatu ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, bel ne fa. Ba lefe ba ne."

"Bel ne da zai zauna a jikin 'yata, namiji ya saya, kuma kowace safiya yana Yendi yana ƙirga bugun zuciyarta a waya? Goro nawa ya kawo gidan nan?"

"To kai ka saya mana," in ji Sahadatu. "Bakinka ya huta, kunnenmu ya huta."

Haka aka yi. Ranar Talata na bi motar doyata zuwa Bawku, dama ina da albasar da zan ɗauko. Bayan an sauke kaya na nufi shagon Sidiku, tsohon abokina mai sayar da wayoyi da agoguna kusa da tasha. Sidiku Hausar Bawku gare shi, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

"Alaji Salaga! Ka zo sayen waya ko ka zo cin bashin shayi?"

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ciro kwalaye biyu ya ajiye a kan gilashi. Ya buɗe na farko, agogo baƙi mai faɗin fuska. Ya juya bayansa, wani koren haske yana ƙyaftawa.

"Ka ga wannan wuta? Shi ne yana leƙa jini cikin fata, yana ƙirga. Yana da kyau paa. Yana faɗin lokaci, yana faɗin nisa, caji kwana biyar." Ya buɗe na biyu, wani baƙin maɗauri mai roba da ɗan ƙaramin abu a tsakiya kamar kwalin ashana. "Wannan ba shi da fuska, ba shi da ado. Ka jiƙa nan da nan da ruwa kaɗan, ka ɗaura ƙasan ƙirji, yana aika lamba cikin waya. Yarinyanka yana gudu da gaske ko yana wasa?"

"'Yata kofi huɗu gare ta," na ce, da ƙarfi, don na kusa da mu su ji.

"To ɗauki bel."

"Agogo zan ɗauka."

"Alaji, ni mai saida kaya ne, agogo ya fi riba a wurina. Amma na gaya maka."

"Sidiku, kai da wani yaro a Yendi kun haɗa baki ne?"

Ya yi dariya har da buga gilashi. Ni dai na riga na yanke. Agogo abu ne na fili, kowa ya gan shi a hannu, ba sai an ɗaga riga ba. Kuma ba zaɓin Nasrullah ba ne. Wannan na biyun ban faɗa wa kowa ba sai ku.

Kwana biyu na yi a hanya. Ban dawo gida ba sai ranar Juma'a da yamma, na tarar su Sahadatu sun dawo daga bikin 'yar ƙanwarta a Yendi. Zuleha ce babbar ƙawar amarya. An zana mata baƙin lalle tun daga yatsu har tsakiyar damtse, furanni da ganye a cushe, ko wurin ɗora yatsa babu. Sahadatu ma an yi mata nata har ya wuce wuyan hannu. Na ce masha Allah, na miƙa kwali.

Yadda yarinyar nan ta yi tsalle! Ta durƙusa ta yi godiya, ta ɗaura, ta ɗaga hannu tana juya shi a hasken taga. Ta ɗauki hotonsa ta aika wa Nasrullah. Na ga amsar da ta shigo don ina tsaye a kanta: "Masha Allah, Baba ya kyauta. Allah ya saka masa." Ko kalma ɗaya bai ce a kan bel ba. Na ce a raina, yaro ya san gidan da ya zo.

Asabar bayan sallar asuba muka fita hanyar Kpembe, ita a ƙasa, ni a kan babur ina binta a gefe. Gari ya fara haske, mata suna tafiya kasuwa da kwanuka a ka. Ta fara a hankali, sannan ta buɗe ƙafa. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba ta yin ƙara. Kamar ƙasar ce take tura ta gaba.

Na matso na ce, "Nawa?"

Ta duba. "Ɗari da arba'in."

Muka ƙara gaba. "Nawa?"

Ta duba, ta sake dubawa. "Baba, bari sai mun kai gada."

"Na ce nawa!"

Ta miƙo hannun tana gudu. Da idona na gani. Ɗari biyu da goma sha huɗu. Kafin in ƙyafta ya koma hamsin da biyu. Sai lambar ta ɓace gaba ɗaya, layi biyu kawai suka rage a fuskar agogon.

Ban san lokacin da na yar da babur ba. Na sha gabanta na riƙe kafaɗunta ina salati da ƙarfi.

"Zauna! Zauna a ƙasa!"

"Baba, lafiyata ƙalau. Wallahi ko haki ban fara ba."

"Zuciyarki ta tsaya, na gani da idona!"

"Baba, ga ni ina maka magana."

Matan kasuwa suka sauke kwanuka suka kewaye mu. Wata ta fara yi mata fifita da faifai, wata ta kawo ruwa. Ni kuwa Yendi kawai nake gani, da yadda ta kwanta a kan layin nan. Na tsuguna na kwance mata takalma da hannuna, na rataya su a wuyan babur. Sannan na miƙe a gaban mutanen nan na ce abin da har yanzu nake jin kunyarsa.

"Wallahi tallahi, ba ki ƙara gudu. Ba Tamale, ba Akra, ba ko'ina."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta hau bayan babur da safa kawai a ƙafarta, har gida. Ta shiga ɗaki ta ja labule. Da rana na ga ta fito ta kwashe kofunan nan huɗu daga kan kabad, ta sa su a kwali ta tura ƙarƙashin gado. Tuwon dare bai shiga cikina ba.

Lahadi da hantsi aka yi sallama. Nasrullah ne, ya taso daga Yendi tun da sassafe, farar jallabiyarsa ta yi ja da ƙurar hanya. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ƙi hawa kujera, ya zauna a bakin tabarma. Na sha mur.

"Idan roƙo ka zo yi, na riga na rantse."

"Baba, ba roƙo na zo ba. Alfarma ɗaya nake nema. A ba ni agogon in gani, a gabanka."

Sahadatu ta kawo shi, ta tsaya a bakin ƙofar kicin. Zuleha tana bayan labule, ina ganin yatsun ƙafarta.

"Baba, ka ɗaura a hannunka."

Na ɗaura. Lamba ta fito, casa'in da shida, ta zauna. Ya nemi izini ya ɗora yatsu biyu a ɗaya hannuna, yana kallon agogonsa yana ƙirgawa a hankali.

"Casa'in da biyar na samu. Agogon lafiya yake. Amma Baba, naka bugun ya ɗan yi sama ga mutumin da yake zaune."

"Kai ka tayar da shi," na ce. Sahadatu ta ƙyalƙyale da dariya ta rufe baki da gyale.

"Yanzu Mma ta ɗaura, a kan lallen."

Ta ɗaura. Muka zuba ido. Ɗari da saba'in. Arba'in. Layi biyu.

"Innalillahi," in ji Sahadatu. "Malam, ni ma na mutu ke nan. Sai ka rantse ba na ƙara girki."

"Mma, ki tura shi sama, inda lallen ya ƙare."

Ta tura shi har kusa da gwiwar hannu. Tamanin da biyu. Ya zauna daram, bai motsa ba.

Nasrullah ya ce, idonsa a ƙasa, "Baba, da haske yake aiki. Idan baƙin abu ya rufe fata, hasken ba ya ganin jini sosai, sai ya riƙa faɗin abin da ya ga dama. Da na san an yi mata lalle har nan da na faɗa tun ranar Juma'a. A hoton da ta aiko, agogon kawai na kalla."

Ku lura da abin da yaron nan ya yi. Hannuna ya gwada, hannun uwarta ya gwada. Bai ce a fito da Zuleha ba, bai ko kalli labulen ba. Kuma bai ce ai na gaya muku ba, alhali ya gaya mana.

"To idan lallen ya goge, shi ke nan?"

"Zai yi aiki, Baba, don tafiya da sassarfa. Amma lallen nan zai kai mako biyu ko fiye. Kuma idan ta buɗe gudu tana wurga hannu, agogo yakan makara. Likita lissafin gaskiya yake so. Bel ɗin ne zai ba shi."

"Ka zo da shi?"

"A'a, Baba. Ba hurumina ba ne tukuna."

Na ɗauki waya na kira Bawku. Sidiku yana ɗagawa na ce, "Kada ka ce komai. Direbana zai zo da agogo ranar Talata, ka ba shi bel."

"Alaji, ban ce komai ba," in ji shi, ina jin yadda yake danne dariya.

Saura rantsuwa. Bayan azahar na sami Liman na faɗa masa komai. Ya ce idan mutum ya rantse a kan abu sannan ya ga barinsa ya fi alheri, sai ya bari ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Na dawo gida na zaɓo manyan doya daga cikin na kaina, waɗanda nake ɓoye wa manyan kwastomomi. Sahadatu ta dube su ta dube ni.

"Bakinka ya rantse, doyarka za a ci, amma hannuna ne zai yi daka. Ina adalci a nan?"

"Ni zan yi dakan," in ji wata murya. Zuleha ce ta fito, ta ɗaura zani a kan doguwar rigarta, ta naɗe hannu. Ba ta kalle ni ba, amma ta ɗauki taɓarya. Sakwara da miyar gyaɗa aka yi, da naman zabi. Ni da kaina na kai kwano goma inda ya kamata. Da na dawo na tarar kofunan sun koma kan kabad, an jera su ba yadda nake jerawa ba. Ban gyara ba.

Bel ya iso ranar Alhamis. Uwarta ta shiga ɗaki da ita suka gwada. Da suka fito na yi tambayar da take cina tun farko.

"Da wayar wa za a haɗa?"

Zuleha ta ce, "Da taka, Baba."

"Ni ban iya karanta zanen nan mai hawa da sauka da waya take nunawa ba."

"Lambar za ka riƙa gani a kan babur. Zanen kuma, in ka ga dama, kai ka aika wa wanda ya iya."

Kun ji 'yar da na haifa. Ba ta tsallake ni ba, kuma ba ta bar ni da jahilcina ba. Yanzu ni ne nake aika wa Nasrullah saƙo kowace safiya, ni da na ce bai kawo goro ba.

Jiya Asabar muka koma hanyar Kpembe. Na ɗaure waya a kan babur da roba. Ɗari da talatin. Ɗari da sittin. Ta buɗe ƙafa, ɗari da saba'in da takwas, da tamanin da huɗu, ya tsaya nan kamar an kafa shi. Matan da suka yi mata fifita makon jiya suna bakin hanya, ɗaya ta rangaɗa guɗa. Ni, Abdulai, da furfurata, na tsinci kaina ina ihu a kan babur, "'Yata ce! Ku ba ta hanya, 'yata ce!" Ta kai gada ta dawo a lokacin da ba ta taɓa yi ba.

Na aika zanen tun kafin in sha koko. Amsa ta daɗe ba ta zo ba. Da ta zo, ga abin da ta ce:

"Baba, barka da safiya. Gudun ya yi kyau ƙwarai, ban taɓa ganin ta yi irinsa ba. Amma akwai wuri ɗaya. Bayan ta tsaya da kamar minti biyu, bugun yana sauka, sai ya yi tsalle sama na ɗan lokaci kaɗan ya dawo. Wataƙila bel ɗin ne ya zame da ta sunkuya. Wataƙila ba shi ba ne. Ni ba likita ba ne. Ina roƙon a nuna masa kafin gasar."

Bakina ya buɗe zai yi abin da ya saba, sai Zuleha da take karantawa ta kafaɗata ta dafa hannuna.

"Baba, kada ka rantse. Doyar ta kusa ƙarewa." Ta yi ɗan murmushi, sannan ta gyara fuska. "Idan likita ya ce kada in yi, wallahi ba zan yi ba, da kaina zan ajiye takalman. Amma shi zai faɗa. Kada ka riga shi faɗa."

Na ce to. Na kira Tamale, an ba mu ranar Alhamis da safe. Gasar ranar Asabar ce. Ta riga ta wanke hijabin gudunta ta goge, ta ninke shi a saman jaka.

Ban sani ba ko bel ɗin ne ya zame ko zuciyarta ce ta yi tsallen. Ban sani ba ko za ta tsaya a layin farawa ranar Asabar.